Fuskar Kaka Perusi da Wanki Uku

Musoma, 3 ga Afrilu, 2002

Ɗana Masatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma zafin Dar es Salaam bai gama soya ka ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi min tsiya duk sanda hadari ya haɗo. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, tafki ya cika har ya kusa cinye dutsen wanki.

Na san za ka ce me ya tuno wa Gwaggo Nyangeta da ni, rabonmu tun jana'iza. To, ni da mahaifinka kakarmu ɗaya, Perusi, ko ka so ko ka ƙi ina da ikon aiken ka.

Ranar ɗaya ga Yuni za a gina kabarin Kaka Perusi a kafa gicciye, shekararta guda ke nan. Dangi sun zauna, an yanke kowa zai sa farar tishat mai hotonta a ƙirji, guda ɗari da ashirin. Baba Majura, tunda shi ne babba, ya ce a kai aikin Mwanza, wai shagona na buga lamba ne a bayan 'yan ƙwallo. A gaban mutane ya faɗa! Na miƙe na ce, "Baba, ni na rufe mata ido, ni zan buga fuskarta. In riga ɗaya ta kunyata ta, in rufe shagon in koma suyar kifi a bakin tafki." Ya ce, "Kowa ya ji." Kowa kuwa ya ji.

Bugu ba ya damuna, hannuna ya san aikinsa. Rigar da za a buga a kai ita ce ciwon kaina. Na zagaye kasuwar nan kaf, abin da na gani ya ba ni takaici. Wata in ka ɗaga ta sai ka karanta jarida ta cikinta. Wata tun a shago wuyanta ya saki baki kamar tsohon buhu. Wata wai fara ce, fari irin na haƙorin mai cin taba. Tir!

Ka je min kasuwar Kariakoo. Ka ɗaga riga saitin rana, in ka hangi yatsunka ta ciki ka ajiye musu kayansu. Ka ja wuyan da hannu biyu ka saki, ka ga ko zai koma yadda yake. Ka zaro zare ɗaya ka ƙyasta masa ashana. Auduga toka take zama, in kuwa ya narke ya dunƙule yana warin leda, roba ce, mai sa ta dahuwa zai yi. Na ƙarshe shi ne babba. Ka sayi guda ɗaya tak, ka wanke ta sau uku, ka shimfiɗa ta ka duba ɗinkin gefe. In ya bar gefe ya kama hanyar cibiya, rigar ta murɗe, kuma duk abin da aka buga a kanta da ita zai murɗe. Wadda ta tsallake wanki uku, ita za ka sayo min dozin goma. Kuɗin suna hannun kwandastan da ya kawo maka wannan takarda.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi sauri. Kai ta goya, ba sai na ƙara maka komai ba.

Gwaggonka,
Nyangeta

*

Dar es Salaam, 14 ga Afrilu

Shikamo, Gwaggo.

Na durƙusa na gaishe ki. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai. Ina lafiya, aikin ofis ne dai ya yi yawa, jiragen ruwa sun taru a tashar kamar ana rabon gado. Ki riƙa shafa wa gwiwar mai mai zafi. A gaida Baba Majura, ko da yake na ji haushin maganarsa.

Gwaggo, kin aike ni cikin ɓarayi. Asabar guda na kashe a Kariakoo, takalmina ya sha ruwan kwata har sau biyu. Kowane mai shago rantsuwa yake yi auduga ce zalla. Na ƙyasta wa zaren wani ashana, ya narke ya manne min a yatsa, har yanzu da tabo. Na ce, "Wannan ce audugar?" Ya ce, "Alhaji, audugar zamani ce." Na ce ni ba Alhaji ba ne, kuma ba wawa ba ne. Wani kuma na ja wuyan rigarsa ya ƙi komawa, sai ya hau ni da faɗa wai na lalata masa kaya. Wata rigar an liƙa mata takardar "babba", amma ko ɗan akuya ba za ta shiga ba.

Can wajen la'asar na faɗa shagon wani mutum, Shomari, a lungun masu sayar da bokitai. Da na taɓa rigarsa na san na iso. Nauyi gare ta, Gwaggo, kauri kamar za ta tsaya da ƙafarta. Rana ba ta ratsa ta, wuya ya koma daidai, zare ya zama toka. Na ɗauki ɗaya, ta sha wanki uku cikin kwana biyar yadda kika ce. Kin san wani abu? Ta fi sabuwa kyau. Ɗinkin gefe yana nan a miƙe sambal.

Shomari ya ce saura kaɗan su ƙare, saboda haka na sayi dozin goman, na sa a bas yau da safe tare da wannan takarda. Ba yabon kai ba, ki gaya wa Baba Majura ɗanki na birni ya san kaya.

Ofis ba za su ba ni hutu a Yuni ba, na tambaya. Ki ajiye min tawa rigar.

Ɗanki,
Masatu

*

Musoma, 6 ga Mayu

Masatu,

Marahaba. Muna lafiya. Gwiwar tana nan, ba ita ce a gabana ba.

Dilarka kwana goma sha shida ta yi a hanya, bas ɗin ya kafe a taɓo a gangaren Sekenke. Ta iso tana warin gas da ruɓaɓɓiyar albasa. Na buɗe, na taɓa, na ji nauyin da ka faɗa. Raina ya ɗan sosu da irin kaurin, amma na ce yaro ya rubuta baƙi a kan fari cewa ta sha wanki uku, ga lokaci ya tafi. Sai na kafa rariyar bugu na hau aiki. Kwana uku na buga arba'in. Hoton ya fito, Masatu, har ɗan murmushin nan nata na gefen baki, wanda take yi in ta kama mutum da ƙarya.

Na ba Inna Dorika guda ɗaya, tunda ita kaɗai ce 'yarta da ta rage. Ta rungume rigar ta yi kuka. Ta sa ta zuwa coci, miyar kifi ta ɗiga a kai, washegari ta tafi da ita tafki.

Ina shago sai ga ta a tsaye, riga a hannu tana ɗiga. Ta ce, "Nyangeta, me uwata ta yi miki?"

Na karɓa na ware. Wayyo Allah! Ta ce tana tsoma ta ruwan ya yi fari kamar kunu. Ashe duk nauyin nan sitaci ne aka ɗura wa tsumma. Abin da ya rage ko tatar koko ba zai yi ba. Ɗinkin gefe ya taho tsakiyar ciki, rigar ta ɗage ta bar cibiya a waje, wuya ya zazzago. Fuskar kuwa ba a magana. Ido ɗaya ya haura kafaɗa, baki ya ja zuwa hammata, kamar wadda shanyewar jiki ta kama. Matar da ta mutu da fuskarta a miƙe, ni na karkata ta da hannuna.

Na wanke wasu biyu da kaina, ko wannan ce kawai aka yi rashin sa'a. Duk kanwar ja ce.

Na roƙi Inna Dorika ta rufa min asiri kwana kaɗan. Ta ce za ta yi shiru don uwarta, ba don ni ba.

Yanzu ka amsa min abu ɗaya, kada ka yi min turancin ofis. Rigar da ka ce ta sha wanki uku, a ina ta sha shi? Da wane ruwa, da wane hannu?

Nyangeta

*

Dar es Salaam, 13 ga Mayu

Shikamo, Gwaggo.

Ina lafiya, amma takardarki ta hana ni cin abinci. Na karanta ta sau huɗu, abin da na fahimta shi ne kina ce min maƙaryaci. Ni? A kan Kaka Perusi? Haba, Gwaggo! Sau uku aka wanke rigar nan, kuma ba wankin wasa ba. Tsoho Kombo na kai wa, mai wanki da guga na bakin layinmu, wanda shekara tara yana min wanki ko maɓalli bai taɓa ɓatar min ba. Manyan ma'aikata ke layi a wurinsa. In akwai wanda ya san wanki a garin nan, shi ne. Wataƙila ruwan tafkinku ne, ko kuma Shomari ya sauya min kaya a cikin dila. Zan je wurin Kombo yanzu ya ba ni shaida a rubuce, in haɗo miki.

Na dawo. Na so in yaga abin da na rubuta a sama, sai na ga gara ki gani.

Na same shi yana hura gawayin dutsen guga. Na ce, "Baba Kombo, ka tuna farar rigar da na kawo maka sau uku a jere?"

Ya ce, "Wannan tsumman? Yo ina zan manta! Rigar da ta kusa karya min kafaɗa."

Na ce, "Tsumma kuma?"

Ya ce, "Ɗana, tun wankin farko ta mutu. Na ɗago ta daga ruwa ta murɗe kamar igiya. Sai da na dama sitaci mai kauri na tsoma ta, na kira matata ta riƙe gefe ɗaya ni na ja ɗaya, na bi ta da dutse tana da ɗanshi har ɗinkin ya koma mazauninsa. Jibi sai ga ka da ita kuma. Na ce wa matata, yaron nan ko budurwa ce ta ba shi rigar nan, mu rufa masa asiri."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Ka tambaye ni? Aikina in mayar da riga ta yi kyau. In kowa ya kawo tsumma na ce masa tsumma ne, wa zai dawo?"

Ya yi ta dariya har da tari. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gwaggo, kin ce in wanke, ni kuma a wurina wanki shi ne a kai wa Kombo. Ko a mafarki ban kawo wani abu daban ba. Na koma wurin Shomari, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce kayan da ya bar shago ya bar shago. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta wa babba ba.

Ki ba ni kwana kaɗan.

Masatu

*

Musoma, 19 ga Mayu

Masatu,

Muna nan da rai. Takardarka ta zo jiya, na karanta wa Inna Dorika, ta ce a gaishe da Kombo, shi kaɗai ne mai gaskiya a labarin.

Ban ce maka maƙaryaci ba. Da maƙaryacin ne da na fi sanin yadda zan yi da kai. Ƙato da kai, shekara talatin da huɗu, da gemu da teburin ofis, ba ka taɓa tsoma riga a ruwa ba! Mts. Su waye za su sa rigunan nan? Masunta ne da masu suyar kifi. Wa zai dama musu sitaci? A kan dutse za a buga ta, da sabulun sanda, a murɗe, a shanya a kan ciyawa. Wankin da nake nufi ke nan, wankin mutane.

Amma laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Kaka Perusi ce ta ɓata ka. Tun ranar da mahaifiyarka ta rasu ta ɗauke ka, kana bayanta take duƙawa a dutsen nan. Har ka shiga sakandare ita ke wanke maka kayan makaranta, in mun ce ta bar ka ka koya sai ta ce hannun Masatu na alƙalami ne. Yatsunta duk sun tsage da sabulu, ka taɓa dubawa? Ga abin da hannun alƙalamin ya saka mata da shi.

Ni ma ina da nawa. Na ji kaurin nan a hannuna, raina ya gaya min, na danne shi don gaggawa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a.

Saura tamanin ɗin ba zan ɗora musu fuskarta ba ko za a yanka ni. Da in bari dangi su sa ta ranar ɗaya ga wata suna yaba ni, bayan mako guda kowa ya ga uwarsa a karkace a kan igiyar shanya, gara in ci kunyar tun yanzu. Kwana kaɗan da kake roƙo babu su. Ranar Lahadi mai zuwa bayan coci zan je gidan Baba Majura da makullin shago.

Nyangeta

*

Dar es Salaam, 20 ga Mayu

Shikamo, Gwaggo.

Ina lafiya, ban da hannuwana. Ban ga amsarki ba tukuna, ban kuma jira ta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, da ƙyar nake riƙe biro.

Na ce wa ofis zazzaɓi nake yi. Na koma Kariakoo na sayi riga ɗaiɗai daga shago tara, na rubuta lamba a cikin wuyan kowace. Na sayi bokiti da sabulun sanda, na tsuguna a bakin famfon gidanmu na haya. Matan gidan suka fito kamar an buga ganga. Maman Zawadi, maƙwabciyata, ta ce, "Jama'a ku zo, yau akawu ya tuba!" Wata ta ce, "Shafa ta yake yi kamar kan jariri." Maman Zawadi ta ƙwace ta nuna min yadda ake cuɗawa a buga a kan siminti, ta ce, "Riga ba ƙanwarka ba ce, doke ta."

Kwana uku ina yi, wanki da safe, shanya a rana, ba guga. Gwaggo, na ga ƙazanta. Huɗu sun zubar da farin ruwan nan tun tsomawar farko. Ɗaya ta fito da ƙuraje a jiki duk. Biyu sun tsuke, ɗaya ta koma ruwan toka. Matan suka mayar da abin wasa, kowace ta zaɓi lambarta ana ihu in ta faɗi. Lamba shida ce kaɗai ta tsaya. A shago ita ce ba ta da kwarjini, laushi gare ta, ba ta da wannan ƙyallin, da a da ne ko kallon ta ba zan yi ba. Na ƙara mata wanki biyu don mugunta. Ɗinkinta ko motsi bai yi ba.

Na sayi dozin goma. Kada ki tambaye ni da me, rediyona dai da agogona sun yi tafiya. Na bi dilar ɗaya bayan ɗaya, mai shagon yana ta tsaki. Na sa lamba shidan a sama don ki gani, amma kada ki yarda da ni, ki wanke wata da kanki.

Fatar yatsuna ta saɓule, sabulu yana shiga yana ci kamar barkono. Riga tara ke nan, kwana uku. Ina tsugune a wurin na tuna hannun Kaka, yadda yake kama zaren bargo in tana lulluɓe ni. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake da kaushi haka ba. Matan sun ɗauka kumfa ce ta shiga min ido, na bar su a haka.

Ɗanki,
Masatu

*

Musoma, 12 ga Yuni

Ɗana Masatu,

Marahaba. Muna lafiya, baƙi sun watse, gwiwata ta kumbura don tsayuwa. Yaya hannun?

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ranar Lahadin na je gidan Baba Majura kamar yadda na ce, na ajiye masa makulli da karkatacciyar rigar. Ya ware ta, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Da ma na faɗa." Ya sa makullin a aljihu. Na dawo gida ba makulli.

Dilarka ta sauka ranar Talata. Ban karanta takardarka ba sai da na zari ɗaya daga tsakiya na tafi tafki, na yi mata dukan da ban taɓa yi wa riga ba. Ta tsaya. Na koma wurin Baba da ita a jiƙe na ce a ba ni aron makullina kwana uku. Ya ce, "In wannan ma ta karkace fa?" Inna Dorika ta ce, "To sai ka haɗa da nawa ɗakin." Ya miƙo.

An yi taro lafiya, an kafa gicciye, an ci tuwon rogo da kifi har aka bar saura. Kowa ya yaba riga, amma yabon ranar farko ban ɗauke shi a bakin komai ba, na Shomari ma ai an yaba. Sai ranar Laraba na gangara tafki. Mata sun yi wanki, sun shanya a kan ciyawa, na ƙirga ashirin da uku. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk tana kallon sama, bakinta a inda Allah ya ajiye shi, da ɗan murmushin. Baba Majura dai har yau bai aiko a karɓi makulli ba.

Tamanin ɗin Shomari na raba wa masu gyaran injin jirgi su goge hannu, nan ne matsayinsu. Arba'in ɗin da na buga su suka dame ni. Ba a goge ƙasa da fuskarta, ba a kuma ƙona ta. Na naɗe su na ba magini, ya shimfiɗa su a ƙarƙashin simintin kabarin. Ita kaɗai za ta gani, kuma ta saba rufa maka asiri.

Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. In na tuno ruwan kunun nan sai ya dawo min sabo.

Taka rigar tana cikin ƙunshin nan. Ni na sa ta ranar taron, da gumina da miyar kifi a gaba, kuma da gangan ban wanke ba. In na ji labarin ta je hannun Kombo, ba ni ba kai. Shekara goma sha huɗu tana duƙe tana wanke maka. Ka ɗauki bokitinka ka wanke mata fuska.

Gwaggonka,
Nyangeta